Ruwan da Baba Donka ta zuba a matakala

Kun taɓa ganin mutumin da ya iya yaren wata ƙasa har 'yan ƙasar su riƙa tambayarsa a wane gari nasu ya zauna, alhali ko sau ɗaya bai taɓa taka ta ba? To akwai Zornitsa a nan Tarnovo, tana titin masu sana'a, shagon sabulun furen nan da ke kusa da maƙeri. Ita ce doguwar nan mai tabarau da ba ta cika magana ba, in za ta ba ka canji da hannu biyu take miƙowa tana ɗan sunkuyawa, kuma ba da gangan take yi ba, jikinta ne ya saba.

Kakarta ce ta raine ta, Baba Donka. Uban tun tana goye ya bi wata mata zuwa garin Varna ba a sake jin ɗuriyarsa ba, uwar kuma, Rumyana, ta tafi Italiya jinyar tsofaffi kamar yadda rabin matan unguwar suka tafi, sai dai murya a waya da kwalin kaya in Kirsimeti ta zo. Gidansu can sama yake a jikin dutse, mota ba ta kaiwa, sai ka bar titi ka kama matakalar dutsen nan ka yi ta hawa kana haki kana riƙe bango. Baba Donka ta yi aiki a kamfanin da ke zuba barkono da tumatir a gwangwani har aka rufe shi, daga nan ta koma saƙa safar ulu, kullum ta sauko da su bakin titi ta baza a kan kwali tana sayar wa baƙi, yarinyar na gefenta.

A nan abin ya fara. Wata rana wasu tsofaffin Japan suka biyo titin a jere, kowa da hula, wata 'yar tsohuwa a cikinsu ta sayi safa, ta karɓa da hannu biyu, sannan ta sunkuya wa Baba Donka sosai har hularta ta kusa faɗuwa. Baba Donka ta waiga bayanta.

"Wa take gaisarwa?"

"Ke mana, Baba."

"Ni? Me na yi mata? Safa ce fa kawai, ɗayar ma ta fi ɗayar tsawo."

Tsohuwa ta yi dariyarta ta manta, yarinya kuwa ba ta manta ba. Ta bi mutanen nan har ƙarshen titi tana sauraron yadda suke magana, ta dawo tana kwaikwayo, kuma tun daga ranar ba ta da zance sai Japan.

Da ta gama sakandare kowa ya sa baki, wai ta karanta Jamusanci ko aikin jinya ta bi uwarta, abin da zai kawo abinci. Ta ce Japananci za ta yi a jami'ar nan ta gari. Maƙwabcinsu Bai Mincho, tsohon direban bas da ke ƙasa da su kaɗan, ya leƙo ta katanga yana cewa, "Japananci? Da wa za ki riƙa yi, 'yata, da talabijin?"

Baba Donka ta ce, "Da kai dai ba za ta yi ba, kai da yaren ubanka ma ba ya fita sai ka kora barasar nan taku, rakiya."

"Donka, ni gaskiya nake faɗa."

"Ka je ka faɗa wa kajinka."

Haka ta shiga. Kuma karatun nan ba wasa ba ne, ajinsu da suka fara da yawa kafin shekara ta zagayo rabi sun gudu, saboda haruffan nan ba sa ƙarewa, ka haddace wannan wancan ya zube. Zornitsa ta lilliƙa su a ko'ina, jikin firji, ƙofar banɗaki, har jikin tukunya, Baba Donka tana cewa an mayar mata da gida kamar inda kaji suka yi tono. Malamarsu, Malama Kuroda, 'yar ƙaramar mace mai furfura da ta daɗe a garin, bayan darasi tana koya wa masu so yadda ake haɗa koren shayi irin na al'adarsu, yadda za ka zauna a kan dugaduganka, yadda za ka juya kwano kafin ka miƙa. Zornitsa in ta dawo gida sai ta gwada a kan kakarta da kwanon kindirmo. Ta durƙusa a tsakar ɗaki, ta goge, ta juya, ta sunkuya, tsohuwa na kan kujera da saƙa a hannu tana kallonta.

"Shayi ɗaya sai an yi masa rawa? Kafin ki gama juye-juyenki ai ya huce."

"Baba ki yi shiru, baƙo ba ya surutu."

"Baƙo a gidana? Miƙo ruwan ciyawar in sha in huta."

Tana sha tana yamutsa fuska, amma ba ta taɓa ragewa ba, kuma in ta sauka titi duk wanda ya tsaya sai ya ji cewa jikarta ce ta ɗaya a aji.

To kun san yadda tsofaffinmu suke yi, in yaro zai fita jarrabawa ko tafiya sai an watsa masa ruwa a bakin ƙofa ya bi ta kai, don al'amarinsa ya tafi sumul kamar ruwa. Baba Donka tana da wata tasar tagulla da ba ta komai da ita sai wannan. Duk jarrabawa, ko ta ƙaramin gwaji ce, sai ta fito da ita. Zornitsa kullum cikin mita take, "Baba kina jiƙa min takalmi, camfi ne fa wannan, haddata ce za ta ci min ba ruwanki ba." Tsohuwa ta ce, "Wuce dai, ja'ira."

Abin da kowa a ajin yake hari guda ne. Duk shekara ana ɗaukar ɗalibi ɗaya a kai shi wata jami'a a Japan ya yi shekara cur, jirgi da ɗaki da abinci duk a kansu. Irin su Zornitsa in ba ta wannan hanyar ba babu wata, kuma 'yan shekarar ƙarshe irinta daga wannan shi ke nan, ba a sake ba ka dama. Ta ci ta rubutu, saura ta baki, a Sofiya, babban birni, za a yi, a tsakiyar hunturu.

Ranar da safe sanyi kamar zai tsaga dutse, numfashi ma hayaƙi yake fita. Ta sa baƙar rigar da uwarta ta aiko, ta saɓa jaka, ta buɗe ƙofa, Baba Donka ta biyo ta da banitsa, burodin nan mai cuku, da zafinsa a takarda, hannu ɗaya kuma ba komai. Zornitsa ta tsaya.

"Baba, tasar fa?"

"Yau sanyi ya yi yawa, 'yar nan. Na zuba miki a zuciya. Wuce kar bas ya tafi."

"Duk ƙananan nan kin zuba, sai yau za ki fasa?"

"Ba ke kike cewa camfi ne ba?"

"Camfin ne. Ki zuba dai."

Tsohuwa ta kalle ta ta ga tsoro take ji da gaske, sai ta yi dariya ta koma ciki. Ta cika tasar nan fal daga butar da ke kan murhu, ta fito ta watsa gaba ɗaya, ruwan ya gangara matakala yana tururi. Zornitsa ta bi ta kai, ta sumbaci kumatun kakarta, ta sauka da gudu.

Da rana ta ɗan ɗaga Baba Donka ta ɗaura ɗankwali za ta coci ta kunna mata kyandir. Ita da ta yi shekaru tana hawa da saukar matakalar nan ko ido rufe, ba ta ma duba ƙasa ba. Ruwan ya riga ya zama ƙanƙara, sumul kamar gilashi. Taku na biyu ƙafa ta tafi, ta faɗi ta gefe a kan bakin dutse, ta gangara. Ta daɗe a wurin, don unguwar duk tsofaffi ne kuma kowa yana ciki ya rufe taga. Bai Mincho ne ya fito ba kajinsa abinci ya ji nishi. Da ya zaro waya sai ta riƙe masa ƙafar wando.

"Kira asibiti. Yarinyar kuwa in ka kira ta, Mincho, har ka mutu ba na yafe maka."

"Donka, ƙafarki fa ta juya."

"Na gani, ai tawa ce. Ka bar ta ta gama."

A bargo aka sauko da ita har titi.

Ita kuwa Zornitsa tana can gaban mutum uku, suna tambaya tana amsawa, tsoron ma ya tafi, har ɗaya ya ajiye biro yana murmushi. Ta fito kamar ta tashi sama. A cikin bas ta yi ta kiran wayar gida ba a ɗauka, ta ce ko tana wajen maƙwabta, ta kira Bai Mincho, ya ce, "In kin sauka kar ki hau gida, 'yata, ki wuce asibiti."

Ta same ta kwance fuska ta yi fari, ba haƙoran roba a baki, ta koma 'yar mitsitsiya a cikin gadon.

"Kin ci?"

"Baba, me ya fitar da ke?"

"Na ce kin ci?"

"Ba su faɗa ba tukuna."

"Kin ci. Tasa guda fa na zuba."

Kuma ta ci ɗin. Bayan 'yan makonni Malama Kuroda ta kira ta ofis ta gaya mata, ita aka zaɓa, tafiya a watan Satumba. Ta yi godiya, ta fito, ta shiga banɗakin jami'a ta zauna, ta rasa ma kuka za ta yi ko me. Don ƙashin ƙugun Baba Donka ne ya karye, an yi aiki an sa ƙarfe, likita ya ce a shekarunta sai dai a yi fata, kuma ƙashin bai kama da kyau ba. Maza suka ɗauko ta a kujera suka hau da ita gida suna hutawa a hanya, tana zaginsu wai suna jijjiga ta kamar buhun dankali. Tun daga ranar ba ta sake ganin titi ba.

Rumyana ta zo daga Italiya na ɗan lokaci. Ta wanke gida, ta cika firji, ta sayo sandar nan mai ƙafa huɗu, sannan ta fara haɗa jaka. A kicin Zornitsa ta tare ta, suna magana ƙasa-ƙasa kar tsohuwa ta ji.

"Mama, shekara ɗaya kawai. Ki zauna shekara ɗaya, in na dawo ki koma."

"In na bar matar da nake jinya a can, kafin in kai tasha wata ta shige gurbina. Sannan mu ci me? Maganinta wa zai saya, haruffanki?"

"Kina can kina wanke uwar wasu, taki tana nan kwance."

Rumyana ta ajiye abin da ke hannunta. Ta kalli 'yarta ta ce, "Ai ta ba ni labari tana dariya. Ta ce ita ba ta so zubawa ba. Wa ya ce sai ta zuba?"

Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu, ta ce ba haka take nufi ba, gajiya ce, ta jawo ta ta rungume. Zornitsa ba ta ture ta ba. Washegari ta raka ta tasha ta ɗaukar mata jaka.

Daga nan sai Baba Donka ta ɗaura yaƙi, don ta gane inda aka dosa, yarinyar na shirin fasa tafiya saboda ita. Ta ce a kai ta gidan tsofaffi, ta sa Bai Mincho ya yi ta buga waya. Zornitsa ta je ta ga ɗaya a wani ƙauye, kuma ba wai wurin ya lalace ba ne, da tsabta, da ɗumi, sai dai an jera su a kujeru suna fuskantar taga ba mai magana, wata ta kama mata hannun riga tana kiranta da sunan wata. Ta dawo ta ce babu gado. Tsohuwa ta ce ƙarya take. Ta daina karɓar abinci daga hannunta, in ta kawo miya ta kau da kai.

"Na gaji da ganin fuskarki. Kullum kina tsaye a kaina kamar mai jiran gado."

"Wane gado, Baba, allurar saƙa?"

"Ki tafi wajen mutanenki ki yi ta sunkuyawa. Ni na raini uwarki na raine ki, ba wanda ya riƙe min hannu."

"Buɗe baki, tana hucewa."

"Ba na sha. Ba gishiri."

Da ta ga zagi bai yi ba sai ta ce to a gwada. A bar ta ita kaɗai wuni guda, daga safe har yamma, Zornitsa ta tafi jami'a kar ta leƙo, kar ta turo Mincho, in ta iya to magana ta ƙare, za a samo wata mata a unguwa ta riƙa leƙa ta safe da yamma, yarinya ta hau jirginta. Zornitsa ta yarda, kuma Allah ya sani tana so abin ya yiwu, har ta jera mata komai kusa da gado, ruwa, burodi, cuku, waya, sanda. A aji ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta daure har yamma, ta hau matakala tana addu'a.

Ta buɗe ƙofa ta ga gado ba kowa. Tsohuwa tana ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki, sanda ta yi gefe, ta jawo bargo ta rufe jikinta har wuya, kuma tun daga bakin ƙofa ana jin zarnin fitsari. Wayar tana kan gado, da ta miƙa hannu da ta kai, ba ta kira ba.

"Hutawa nake," in ji ta, ba ta kalle ta ba. "Ƙasa ta fi daɗin baya."

"Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

Hannunta kamar ƙanƙara. Zornitsa ta ɗora ruwa, ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta sauya mata kaya. Tana taje mata kai ne tsohuwa ta ce a hankali, "Gobe a sake gwadawa. Yau sandar ce ta zame." Zornitsa ta ce to.

Ba a sake ba. Da safe ta wuce wajen Malama Kuroda, wadda ta yi ta ja mata lokaci tana ce wa mutanen can a ƙara haƙuri. Malamar tana ganin fuskarta ba ta tambaye ta komai ba, ta kai ta ɗan ɗakin da suke shayi, ta zaunar da ita a wurin baƙo, ta haɗa mata da kanta, a hankali, ba abin da ta tsallake. Sai da ta shanye sannan Zornitsa ta faɗa mata ba za ta tafi ba, da Japananci, da irin ladabin da aka koya mata, tana ba da haƙurin wahalar da ta sa mutane.

Malama Kuroda ta ce, "Ba zan ce ki tafi ba, ba zan ce ki zauna ba. Ni na tafi, uwata ta rasu ina nan ina gyara jarrabawa. Ƙanwata ta zauna, har yau ba ta min magana sosai. Ban san wadda ta yi daidai a cikinmu ba. Abu ɗaya dai zan gaya miki don kar ki yaudari kanki, wannan gurbin ba ya dawowa."

"Na sani, Malama."

"To shi ke nan."

Aka ba Plamen gurbin, shi ne ya zo na biyu, yaron kirki ne, har gida ya hau ya ce ta yafe masa, ta ce me ka yi. Yana can har yanzu, ya yi aure ma.

Da ta gaya wa Baba Donka, tsohuwa ba ta yi zagi ba. Ta juya fuska bango. Kwana da kwanaki ba ta ce uffan ba, a ba ta abinci ta ci, a juya ta ta juyu. Ranar da ta buɗe baki Zornitsa tana yanke mata farce, ta ce, "Ashe a banza na karye."

Shekaru sun tafi yanzu. Ta gama digirinta, takardar tana cikin durowa. Kamfanoni a Sofiya sun neme ta, ta ce ba ta iya barin gari. Baba Donka tana nan da ranta, bakin ma ya dawo, Bai Mincho ne ya riga ta tafiya, ta ce dama ya cika gaggawa. Rumyana tana Italiya, tsohuwar can ta mutu an ba ta wata. Zornitsa kullum da tsakar rana sai ta rufe shago ta hau ta juya kakarta ta ba ta abinci ta sauko, da yamma ta sake hawa. Ta ce abin da ya fi damunta yanzu haruffan sun fara zubewa daga kanta, wanda a da take rubutawa ba tunani yanzu sai ta tsaya da biro a sama tana nema. Shi ya sa bayan abincin yamma take ɗauko tsofaffin littattafanta ta karanta da ƙarfi, tsohuwa tana ji ba ta gane komai, wani lokaci ta ce "ƙara murya," wani lokaci barci ya ɗauke ta.

Don Allah in kun karanta kar ku bar shi a wayarku, ku tura wa wasu su ma su tura, ko zai kai ga wani da ke neman mai koya masa Japananci ta waya, ko ɗansa, ko ma wanda zai riƙa hira da ita kawai da yaren. Ta iya sosai, tana da haƙuri da mai koyo, kuma kowane lokaci kuka neme ta tana nan, ba inda za ta je.